Layi nawa aka taɓa?

Akwai wani abu da ya faru da ni a wurin aiki bara bayan girbi, na daɗe ina son rubuta shi amma kunya tana hana ni. Dattijon da na ɓata wa rai ya yafe, wadda na zarga ita ma ta yafe, shi ya sa na ga lokaci ya yi. Ba zan faɗi sunan gidan rediyon ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. In ka gane mu, ka rufa mana asiri.

Duk wanda ya san aikin rediyo a Maradi ya san kominike ke riƙe da mu. Ɗaurin aure, suna, rasuwa, cigiyar yaro ko ta dabba, taron ƙungiya. Mutum zai zo biro ya biya jaka guda ko biyu, a ba shi resi, da dare mu karanta. Da can duk a takarda ake yi. Takardun sukan ɓace, wani lokaci rubutun hannu ya gagari mai karatu, ka ji an mai da sunan ango na amarya. Sai wani yaro mai karatun kwamfuta ya zo mana sitaj na wata uku, ya gina mana ɗan shafi na cikin gida. Mai karɓar sanarwa ta shigar da ita a kwamfutar biro, ni kuma ina zaune a sitidiyo in ga jerin sanarwar ranar a allon da ke gabana, in karanta. Muka yi murna ƙwarai. Shekara kusan biyu muna aiki da shi babu wanda ya koka.

Mutum biyu ke karɓar sanarwa. Akwai wani abokin aiki mai shigowa da sassafe, sai wata baiwar Allah da kowa ke kira Tanti, ita ke karɓarsa zuwa yamma. Tanti ta riga ni shiga gidan da shekaru masu yawa. Ita ta nuna mini inda ake aje makullin sitidiyo ranar da na fara aiki.

Wata Laraba da safe aka kawo sanarwar ɗaurin auren ɗiyar wani Alhaji, ranar Asabar ƙarfe 8 na safe a ƙofar gidansa, za a karanta daren Alhamis da daren Juma'a. Abokin aikinmu na safe ya shigar da ita. Daren Alhamis na karanta. A cikin daren nan Allah ya yi wa yayan Alhajin rasuwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka yi jana'iza da safiyar Juma'a. Kafin a tafi masallaci, ɗan Alhajin ya biyo biro a kan moto ya ce a janye maganar aure, an ɗaga sai bayan sadakar arba'in, a sa sanarwar rasuwa a madadinta. Tanti ya tarar. Ta buɗe sanarwar, ta goge tsohon rubutu, ta rubuta sabo, ta danna madannin ajiya. Allo ya ba ta saƙo kore cewa an adana gyara. Ta ɗauki bik ta rubuta "an gyara" a bayan resinsa, ta yi masa gaisuwa, ya tafi.

Da dare na shiga sitidiyo, na buɗe jerin, na ga sanarwar aure yadda take jiya. Na sa kiɗa a ƙasa, na saki murya, har da ƙarin gishiri irin namu: ƴan'uwa da abokan arziki, Alhaji na gayyatar kowa da kowa, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba. Mutanen gidan suna zaman makoki, babu mai rediyo a kunne, balle a kira a tsai da ni.

Safiyar Asabar mutane suka sauka. Wasu daga Dakoro, tafiyar fiye da kilomita 100, wasu daga Gidan Rumji da ƙauyukan Madarunfa, da manyan riguna, har da maroƙa. Akwai waɗanda aka riga aka kira a salula aka ce masu an ɗaga, amma da suka ji rediyo da dare sai suka ɗauka Alhaji ya sake shawara. Suka tarar da tabarmi da masu karɓar gaisuwa.

Ran Litinin Alhaji ya zo da kansa. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ya zauna, ya dube ni ya ce, "Kai ne mai muryar?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Yaro, mi na yi maka? Da safe na rufe yayana, da dare ka kira mutane buki gidana. Yanzu cikin dangi ana cewa ko sadakar ukku ban iya jira ba. Kuɗɗin mota da mutane sunka kashe ina iya biya. Wagga maganar fa, da mi zan biya ta?"

Ya aje resin a kan tebur, ga rubutun Tanti a baya.

Darakta ya tara mu. Ni na ce abin da na gani a allo shi na karanta. Gaskiya na faɗa, amma na san inda maganar za ta faɗa, kuma na bar ta ta faɗa can. Tanti ta rantse ta gyara, ta ce kore ya ba ta. Aka buɗe kwamfuta a gaban kowa: ga sanarwar aure nan daram, ko wasali bai canza ba. Aka ba Tanti takardar neman bayani, irin wadda ake ba ma'aikaci kafin a hukunta shi. Da muka fito, na ce wa wani abokin aiki a hankali, "Shekaru ne, ta manta ba ta danna ba." Ashe tana bayana. Ba ta ce komai ba. Wannan kalmar ita ta fi damuna har yau.

Abu ɗaya ta roƙa, a kira yaron da ya gina shafin. Ya gama karatu, yana gyaran kwamfuta a cikin gari. Ya zo bayan la'asar. Ni na zauna kusa da shi ne don in ji an tabbatar da abin da na riga na yanke. Bokona da Faransanci na yi shi, kolej da lise, ɓangaren adabi, ni da lissafi gaisuwa ce daga nesa. Abin da zan faɗa maku nan gaba a wannan yammacin na fara koyonsa, da makonnin da suka biyo.

Tambaya biyu ya yi. Wa ya shigar da sanarwar tun farko? Aka ce na safe. Wa ya gyara? Aka ce Tanti. Sai ya dafe kai ya ce, "Yaya, laifina ne."

Ya fara da buɗe kundin da kwamfutar ke rubuta duk wata shiga da fita, da ranarta da lokacinta. Ga shi nan: Juma'a, sha biyu da ƴan mintoci, daga kwamfutar biro an aika gyara. Tanti ta danna. Wannan ya isa ya wanke ta, amma ni ban gane yadda za a danna kuma abu ya ƙi canzawa ba.

Ya ɗauko kaye ya zana mini. Ya ce bayan shafin da muke gani akwai rumbun bayanai, namu sunansa MySQL. A cikin rumbun akwai tebur kamar rajistar makaranta, kowace sanarwa layi ɗaya ce, kowane layi yana da gurabe: lamba, iri, rubutu, ranar karantawa, da sunan ma'aikacin da ya shigar. Shafin kansa da yaren PHP aka rubuta shi, shi ne ɗan aike tsakaninmu da rumbu. In Tanti ta danna, PHP ya kai umarni ga rumbu da wani yare mai suna SQL. Umarnin gyara da kalmar UPDATE yake farawa, yana kuma da sharaɗi da ke farawa da WHERE, wato wane layi ko waɗanne layuka ake nufi.

Lokacin da yake gina shafin, darakta ya ce masa ba ya son wani ya taɓa sanarwar da wani ya karɓi kuɗinta. Sai ya ƙara sharaɗi. Umarnin ya zama haka in an juya shi zuwa Hausa: nemo layi mai lamba kaza, wanda kuma mai wannan asusun ne ya shigar da shi, ka canza rubutunsa. Ranar Juma'a asusun Tanti ne a buɗe, layin kuma na safe ne ya shigar. Rumbu ya duba, babu layin da ya cika sharaɗin biyu. Bai canza komai ba.

Na ce, to ai sai ya ce ya kasa.

Ya ce, "A nan gizo ke saƙa, Yaya. A wurin rumbu wannan ba kasawa ba ce. Umarnin daidai aka rubuta shi, ya gane shi, ya zartar. Ni kuma abin da na tambaye shi kawai shi ne ko an samu kuskure. Ya ce babu. Sai na sa kore."

Ya sake umarnin a gabana a wani baƙin allo mai farin rubutu. Amsa ta fito da Turanci: "Query OK, 0 rows affected". Ya fassara mini: umarni ya wuce lafiya, layi sifili aka taɓa. A ƙasa kuma wani layi yana cewa waɗanda suka dace da sharaɗi 0, waɗanda aka canza 0, gargaɗi 0. Ashe tun ranar Juma'a rumbu ya faɗi gaskiya. Babu wanda ya saurare shi.

Ka aiki yaro kasuwa ka ce, in ka ga mai jar hula zaune gindin bedi ka ba shi saƙon nan. Ya dawo ka ce, ka je? Ya ce na je. Lafiya? Lafiya lau. Bai yi maka ƙarya ba, saƙon kuma yana aljihunsa, don bai ga mai jar hula ba, kai kuma ba ka tambaya ko ya bayar ba. Shekara biyu shafinmu yana tambayar "ka je?". Ba mu gane ba saboda kusan kullum wanda ya shigar shi ke gyara nasa.

Maganin bai kai layi biyar na rubutu ba. A PHP akwai aikin da ake kira mysqli_affected_rows, masu amfani da ɗaya hanyar da ake ce wa PDO kuma suna da rowCount. Duk abu ɗaya suke yi: bayan umarnin shigarwa, ko gyara, ko gogewa, su faɗa maka layi nawa abin ya shafa. Na farkon yana ba da -1 in umarnin ya gamu da kuskure, 0 in ba a taɓa komai ba, ko kuma adadin layukan da aka taɓa. Kayan nan ba na jiya ba ne. PHP da MySQL duka a 1995 suka fito, na farko daga hannun Rasmus Lerdorf, na biyu daga wani kamfani a ƙasar Suwidin, SQL kuwa tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM. Yaron ya ce an koya masu ƙirgar a aji, ya ɗauke ta abin jarrabawa, bai taɓa zaton ranar amfaninta za ta zo da mutuncin wani a ciki ba.

Ya gyara a ranar. In ƙirga ta ba da 1, kore. In ta ba da 0, ja, da rubutu babba cewa ba a gyara komai ba. Ya kuma buɗe wa Tanti hanyar gyara sanarwar kowa, amma rumbu ya riƙa rubuta wanda ya yi gyaran.

Kwana huɗu bayan nan Tanti ta kira ni a firgice, ja ya fito mata a kan sanarwar da ita da kanta ta shigar. Muka sake kiran yaron. Ya ce, "Tanti, mi kika canza a ciki?" Ta ce babu, tun abin da ya faru takan buɗe kowace sanarwa ta duba, ta sake dannawa don ta tabbata. Ya yi dariya ya ce to wannan wani sifilin ne daban.

MySQL, in ba a ce masa wani abu ba, layukan da suka canza da gaske yake ƙirgawa. In ka ce ya rubuta "Asabar" a gurbin da tun da "Asabar" ke ciki, ya samo layin, amma bai canza komai ba, sai ya ce 0. Ke nan sifili iri biyu ne. Akwai na "ban sami layin ba", akwai na "na same shi, yadda kake so haka yake tun da". Na farko shi ya kai mu gaban Alhaji, na biyu ba ya cutar da kowa. Shi ya sa baƙin allon nan ke ba da lamba biyu, ta waɗanda suka dace da sharaɗi da ta waɗanda aka canza. Mai rubuta shiri yana iya karanta su duka biyun, ko kuma tun lokacin haɗawa da rumbu ya zaɓi a riƙa ba shi adadin waɗanda aka samo. Ya ce wani rumbun mai suna PostgreSQL shi da ma waɗanda suka dace da sharaɗi yake ƙirgawa, ko sun canza ko ba su canza ba, don haka wanda ya saba da ɗaya in ya koma ɗayan sai ya yi hattara. Daga ranar saƙonmu ya zama uku: kore an gyara, rawaya babu abin da ya canza, ja ba a sami sanarwar ba.

Ni a lokacin na ɗauka sifili ne kawai abin tsoro. Ya ce mini masu aikinsu sun fi tsoron lamba mai yawa. In mai rubutu ya manta da sharaɗin WHERE gaba ɗaya, rumbu ba zai tambaye shi ko ya tabbata ba, duk layukan teburin zai canza. Ka yi tunanin kowace sanarwa a gidanmu, ta aure da ta suna da ta cigiya, ta koma sanarwar rasuwar mutum ɗaya. Shi ma "lafiya lau" rumbu zai ce, lambar ce kawai za ta tona, ka yi nufin 1 ka ga dubu uku. Abin ya ci mutane da yawa har masu MySQL suka sa wani zaɓi da ke hana gyara ko gogewa in babu sharaɗi mai nuna layi, suka kuma ba shi laƙabi na biyu da Turanci mai ma'anar "ni dolo ne". Yaron ya ce shi yanzu ba ya jin kunyar kunna shi.

Na tambaye shi mi amfanin ƙirga bayan ɓarna ta riga ta auku. Ya ce akwai hanyar da za a sa rumbu ya riƙe aikin a hannu kafin ya tabbatar. Ka buɗe ma'amala, ka ba da umarni, ka duba lamba. In 1 ce kamar yadda ka zata, ka ce COMMIT, aiki ya zauna. In ba ita ba ce, ka ce ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Kamar mai awo ne da ya cika tiya, bai juye a buhunka ba sai kun duba tare. Ya ja kunnena cewa ba kowane irin tebur na MySQL ke yarda da wannan ba: irin da ake kira InnoDB yana yi, tsohon nan MyISAM ba ya yi. Namu ya duba, InnoDB ne.

Haka yake yi yanzu in zai share tsofaffin sanarwa a ƙarshen shekara. Ya fara tambayar rumbu, da COUNT, layi nawa suka cika sharaɗin. Ya rubuta lambar a kaye. Ya goge, ya duba lambar da aka ce an goge. In biyun ba su zo ɗaya ba, ya mayar. Ya kuma ce kada a haɗa ƙirgar abin da aka taɓa da ƙirgar abin da aka karanto. In tambaya kawai ka yi, misali sanarwa nawa za a karanta yau, wannan da COUNT ake yin ta, don rowCount ba a ba da tabbacinsa a kan irin wannan tambayar a kowane rumbu ba.

Akwai wata rigima da ƙirgar nan ta kashe mana wadda ba mu ma kira shi dominta ba. Minti ɗaya kafin labaran dare shi ne gurbin talla mafi tsada, sau da yawa Tanti ta sayar wa wani a biro, mai kula da talla kuma ya yi wa wani alkawari a waya, a wayi gari mutum biyu da resi biyu. Yaron ya sa umarnin ya zama: ba wane wannan gurbin, in har yanzu babu mai shi. Ko a daƙiƙa ɗaya mutum biyu suka danna, rumbu ɗaya bayan ɗaya yake sallamarsu. Na farko ya sami 1, gurbi nasa ne. Na biyu ya sami 0, allo ya ce masa an riga ka. A nan sifili ya zama amsa mai amfani. Ya ce da irin wannan dabarar ake hana sayar da kujera ɗaya ga fasinja biyu, ko cire kuɗi daga asusun da bai kai ba.

Wani abin dariya kuma, a jerin lambobin ƙungiyar masu saurare na taɓa ganin an gyara mutum ɗaya rumbu ya ce 2. Na ɗauka wata sabuwar fitina ce. Ashe akwai umarnin da ke cewa shigar da wannan, in kuma yana nan tun da to sabunta shi. A wannan umarnin MySQL yana ba da 1 in sabon shiga ne, 2 in tsoho aka sabunta, 0 in babu abin da ya canza. Lambar ba ta ƙarya, amma sai ka san abin da take ƙirgawa kafin ka yi hukunci da ita. Ni da na yanke wa Tanti hukunci da abin da na gani a allo, wannan maganar ta shige ni.

Darakta ya yaga takardar neman bayanin a gaban kowa. Ni kuma na sami Tanti a biro bayan an watse. Na ce, "Tanti, kin ji abin da na faɗa ran nan." Ta ce, "Na ji." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ƙanena, laifi tudu ne. Kai ma da ka ga an yi rasuwa a unguwar, da ka tambaya." Nan ma ta fi ni gaskiya. Da rana na ji labarin rasuwar a gari, sunan gidan ma na ji, amma da na zauna gaban makirfo ban haɗa biyun ba, don na saba in allo ya faɗa shi ke nan.

Kwana uku a jere na karanta gyara a iska, na faɗa ƙarara cewa iyalin sun janye sanarwar tun ranar Juma'a da rana, kuskuren daga gare mu yake. Muka je gidan Alhaji ni da darakta da yaron. Yaron ya so ya yi masa bayanin layi da sharaɗi, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ban san wannan ba. Ka dai ce mini in wani ya zo gobe, abin da ya same ni ba ya samunsa." Ya ce in sha Allahu. Magana zarar bunu ce, na san akwai waɗanda suka ji ta farko ba su ji gyaran ba, wannan kuma babu madannin da zai mayar da shi.

Dalilin da ya sa na kawo maku wannan dogon labari shi ne yanzu ƙannenmu da yawa a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai suna gina irin waɗannan ƙananan shafuka, na kantin magani, na makarantu masu zaman kansu, na ƙungiyoyin adashe da na manoma. Abin alfahari ne, ni kuma ban daina yarda da yaron nan ba, don shi ya fara cewa laifinsa ne tun kafin kowa ya gane. Roƙona gare ku masu rubutawa: bayan kowane gyara da kowace gogewa, ku tambayi rumbu nawa, ku kwatanta da abin da kuka zata, kafin ku nuna wa mutum kore. Wanda ke zaune gaban allon ba ya ganin baƙin allonku, koren nan shi ne shaidarsa, a kansa zai rubuta "an gyara" a bayan resi ya sa hannu.

Ku kuma masu ba da aikin, ba sai kun iya PHP ba. Ranar da aka kawo maku, ku gwada abu uku. Ku buɗe abu ɗaya a kwamfuta biyu, ku goge shi a ta farko, ku gyara shi a ta biyu, ku ga mi allo zai ce. Ku shiga da asusun wani ku gyara abin da wani ya shigar, sa'an nan ku koma ku duba ko ya canza. Ku danna ajiya ba tare da kun canza komai ba. In duk ukun kore iri ɗaya ya ba ku, ku kira mai aikin ya dawo, ku tambaye shi ko shirinsa yana ƙirga layukan da ya taɓa.

Bayan sadakar arba'in aka kawo sabuwar sanarwar auren. Washegari aka dawo a canza lokaci, daga ƙarfe 8 zuwa 9. Ina sitidiyo ina shirin shiga, sai ga Tanti a bakin gilashi, ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Na duba allo, ƙarfe 9 na gani. Duk da haka na ɗauki salula na kira ɗan Alhaji, ya ce haka ne, sa'an nan na buɗe makirfo.

Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ma'auratan zaman lafiya. Sai mun haɗu a shirin dare.